Ranar da muke kallo tana faɗuwa, ta riga ta faɗi ne tun minti takwas baya?

Duk bayan 'yan watanni sai maganar ta sake tasowa a shafukan sada zumunta. Wani zai ɗora hoton rana ta yi jajur tana shirin nutsewa, ya rubuta a ƙarƙashi cewa abin da kake kallo ba ya wurin, ranar ta riga ta faɗi tun minti takwas da suka wuce, haskenta ne kawai ya makara a hanya. Wasu su yi ta jinjina wa kimiyya, wasu su ce shaci-faɗi ne, wasu kuma su fara shakkar jadawalin fitowar rana da faɗuwarta da ke cikin wayoyinsu.

Tambayar dai ita ce: tunda hasken rana yana cin fiye da minti takwas kafin ya iso mana, shin ranar tana daidai inda idonmu yake ganinta, ko ta riga ta yi gaba ta bar mu da tsohon hoto?

Minti takwas ɗin gaskiya ne, babu tantama a kansa. Ginin da aka ɗora a kai ne ba ya tsayuwa. Abin ban dariya kuma, lallai akwai lokacin da muke ganin rana alhali ta riga ta sauka, sai dai dalilin daban ne, tsawonsa ma bai kai minti takwas ba.

Daga ina aka samo minti takwas ɗin?

Haske yana gudun kilomita 299,792 a daƙiƙa ɗaya idan babu abin da ya tare shi, a taƙaice a ce dubu 300. Tun 1983 ma da wannan gudun ake ƙayyade tsawon mita ita kanta. Tsakaninmu da rana kuwa akwai kimanin kilomita miliyan 149.6. In ka raba nisan da gudun za ka sami daƙiƙa 499, wato minti 8 da daƙiƙa 19.

Adadin yana ɗan motsawa cikin shekara, domin hanyar da duniya take bi wajen zagaya rana ba cikakkiyar da'ira ba ce, ta ɗan miƙe ta gefe guda. A farkon Janairu mun fi kusa, wajen kilomita miliyan 147, sai hasken ya iso cikin minti 8 da daƙiƙa 10. A farkon Yuli nisan yana kaiwa miliyan 152, tafiyar ta zama minti 8 da daƙiƙa 27.

Saboda haka hoton ranar da ke shiga idonka tsoho ne. Da wani baƙin tabo zai ɓullo a fuskarta yanzu, babu na'urar da za ta gan shi daga nan sai minti takwas sun cika. Har nan masu maganar suna kan hanya. In ma ana son abin mamaki na gaske, ƙarfin da ya zama wannan haske ya shafe dubban shekaru yana kai-komo a cikin cikin ranar kafin ya fito samanta. Minti takwas ɗin zangon ƙarshe ne kawai, kuma shi ne mafi sauƙi.

Ba da wuri mutane suka yarda haske yana cin lokaci a hanya ba. Ibnul Haisam, wanda ya rubuta Kitabul Manazir a Masar a ƙarni na 11, yana ganin haske yana da gudu mai iyaka, amma manya irin su Kepler da Descartes, ɗaruruwan shekaru bayansa, sun tafi a kan cewa nan take yake isa ko'ina. Wanda ya kawo hujjar da ake aunawa shi ne Ole Romer, ɗan ƙasar Denmak da ke aiki a cibiyar kallon taurari ta birnin Paris. Yana bibiyar Io, ɗaya daga cikin watannin duniyar Jufita, wanda yake zagaya Jufita cikin awa 42 da rabi, kuma a kowane zagaye yakan shige inuwarta ya ɓace. Romer ya lura cewa idan duniya tana nisantar Jufita, Io yakan yi ta makara, idan kuma tana kusantarta, sai ya riƙa sammako. A 1676 ya faɗa tun da wuri cewa husufin Io na ranar 9 ga Nuwamba zai makara da kamar minti goma, haka kuwa aka yi. Io bai sauya tafiyarsa ba, hanyar da saƙon zai bi ce ta ƙara tsawo. Shugaban cibiyar, Cassini, bai gamsu ba, gardamar ta ci gaba har wajen shekara hamsin.

Inda lissafin ya goce: wa yake tafiya, rana ko mu?

Ga yadda masu maganar suke lissafi. Rana tana ratsa sama daga gabas zuwa yamma, tana cin digiri 15 a awa, wato digiri ɗaya a minti huɗu. A minti takwas da ɗoriya ta ci digiri biyu ke nan. Faɗin ranar a idonmu kuwa rabin digiri ne. Don haka, in ji su, ranar gaske tana gaban wadda muke gani da tazarar faɗinta huɗu, kamar abin da babban yatsanka zai rufe in ka miƙe hannu sosai. Da yamma, wannan yana nufin ta daɗe da nutsewa.

A takarda lissafin ya yi kyau. Amma ya tsaya ne a kan zaton cewa ranar ce take tafiyar da muke gani kullum daga gabas zuwa yamma. Ba a nan gizo yake saƙa ba. Duniya ce take juyawa da mu.

Bambancin zai fito fili in muka koma ga sauti, wanda shi ma yake makara, kuma makararsa kunne yana kamawa, tunda mita 343 kawai yake ci a daƙiƙa. Jirgin sama yana wucewa can bisa, ka ji rugugi, ka ɗaga kai inda sautin ya fito, babu komai. Jirgin ya yi gaba, sai ka lalubo shi da ido. Sautin ya nuna maka inda jirgin yake a dā, domin jirgin ya matsa kafin sautin ya iso. Yanzu ɗauki mutumin da yake saran itace can nesa a fili. Kana ganin gatarin ya sauka, sai bayan ɗan lokaci ka ji ƙarar. Ita ma ta makara. Amma in ka nuna inda ta fito, kan mai saran za ka nuna daidai, domin bai gusa ba. Ko da kana jujjuyawa a tsaye, kana ba shi baya kana fuskantarsa, ƙarar ba za ta taɓa zuwa daga wani wurin da ba ya nan ba. Makarar saƙo tana ɓatar da kai game da wuri ne kawai idan mai aiko saƙon ya tashi daga inda yake.

A tafiyar yini, rana mai saran itace ce. Masu maganar sun ɗauke ta jirgin sama.

Akwai abu na biyu da ake mantawa. Hasken rana ba ya zuwa ɗaya-ɗaya kamar wasiƙa, kwarara yake yi babu yankewa. Shiga kogi ka tsaya, ruwa yana dukan bayanka. Ruwan da yake taɓa ka ya baro mafari tun kwanaki. In ka juya ka fuskanci inda yake fitowa, nan take zai doki ƙirjinka, ba sai ka jira wani ruwan ya taso daga mafari ba, domin kogin ya riga ya cika hanya. Haka hasken rana ya riga ya cika sararin da ke tsakaninmu da ita. Fitowar rana tana nufin duniya ta juyo da kai ka shiga cikin kwararar, faɗuwarta kuma ta fitar da kai.

Wato faɗuwar rana ba a jikin rana take faruwa ba, a nan ƙasa take faruwa, kusa da kai. Mutumin da ke tsaye a fili shimfiɗaɗɗe, layin da yake ganin sama ta taɓa ƙasa, wanda za mu riƙa kira iyakar gani, bai fi kilomita biyar daga gare shi ba. Wannan gefen ƙasar ne yake tasowa ya tare hasken, kuma daga can zuwa idonsa haske yana isa cikin kashi ɗaya bisa dubu sittin na daƙiƙa. In ka ja labule a ɗaki, ba ka jiran minti takwas kafin ɗakin ya yi duhu.

In mutum ya dage a kan wancan lissafin, to ya gwada shi a kan abin da ya fi rana nisa ya ga inda zai kai shi. Hasken Neftun, duniyar da ta fi nisa cikin manyan duniyoyin da ke zagaya rana, yana cin kimanin awa huɗu kafin ya iso. A lissafin nasu, Neftun ta gaske tana gaban wadda ake gani da digiri 60, kashi ɗaya bisa uku na faɗin sama. Kumbon Voyager 2 ya isa Neftun a watan Agustan 1989 ba tare da an yi irin wannan kwaskwarimar ba. Kuma da Neftun ce take zagaya mu sau ɗaya kowace rana, da sai ta yi gudun da ya zarce na haske, domin da'irar da za ta rufe cikin awa 24 ta fi abin da haske zai iya rufewa. Taurarin Kaza da 'ya'yanta kuwa haskensu yana shafe wajen shekara 440 a hanya. Duniya ta juya fiye da sau dubu 150 tun da ya taso. Babu mai hankalin da zai ce Kazar ta zagaya sama sau dubu 150 tana gaban wadda muke gani.

Don a yi adalci, da a ce duniya a tsaye take cak, rana ce take zagaya ta kullum, da masu maganar sun yi gaskiya, da tazarar digiri biyun tana nan. Amma juyawar duniya abu ne da aka auna ta hanyoyi da yawa. A 1851 Leon Foucault ya rataya wani ƙarfe mai nauyi da doguwar waya a birnin Paris, ya sake shi yana lilo, jama'a suna kallon layin lilon yana karkata sannu a hankali saboda ƙasa tana juyawa a ƙarƙashinsa.

Ɗan gocin da yake na gaske

A nan kuma wasu sukan zarce, su ce ashe jinkirin haske ba ya taɓa wurin da muke ganin rana ko kaɗan. Su ma sun wuce gona da iri. Akwai goci, ƙarami ne ƙwarai, kuma tushensa tafiyar shekara ce, wato zagayen da duniya take yi wa rana.

Ana ruwan sama, babu iska, ɗigon yana sauka a miƙe. In kana tsaye, saman kanka yake duka. Da ka fara gudu sai ya koma dukan fuskarka, kamar daga gaba yake zuwa, dole ka karkatar da laima. Ruwan bai sauya hanya ba, tafiyarka ce ta sa kake tararsa a karkace. Duniya tana gudun kusan kilomita 30 a daƙiƙa a kan hanyarta ta zagaya rana, don haka ita ma tana tarar haske a karkace. Sai dai gudun haske ya ninka nata sau dubu goma, shi ya sa karkacewar ba ta taka kara ta karya ba. In aka raba digiri ɗaya gida 3,600, gida ashirin da rabi ne kacal. Kwatanta da faɗin rana: kashi ɗaya ne bisa casa'in da ɗoriya. Ido ba zai taɓa kama shi ba.

Ana iya kallon abin ta wata fuskar. A cikin daƙiƙa 499 da haske yake hanya, duniya ta matsa wajen kilomita 14,900, ɗan fiye da faɗinta. Ga wanda yake zaune a kanta, kamar rana ce ta matsa haka ta ɗaya gefen. Auna wannan tazara daga nisan kilomita miliyan 150, za ka sake samun gida ashirin da rabin nan. Abu guda ne ake kallo ta taga biyu, ba a haɗa su a ce sun zama arba'in da ɗaya.

James Bradley, Bature ɗan Ingila, shi ya gano wannan, kuma ba shi yake nema ba. Tun 1725 shi da abokinsa Samuel Molyneux suke auna wani tauraro mai suna Gamma Draconis, suna son gano nisansa. Sai suka ga tauraron yana ɗan lilo cikin shekara, amma ta ɓangaren da bai dace da abin da suke tsammani ba. Ana ba da labarin cewa a cikin kwalekwale a kogin Thames abin ya faɗo masa, da ya ga ƙyallen da ke nuna iska yana juyawa duk lokacin da kwalekwalen ya sauya hanya, alhali iskar ba ta sauya ba. A 1729 ya fitar da bayaninsa, ya kuma lissafo cewa haske yana isowa daga rana cikin minti 8 da daƙiƙa 12 ko 13. Da kayan aikin wancan zamanin, kuskuren daƙiƙa shida ko bakwai abin a cire masa hula ne. Da wannan aka rufe gardamar da Romer ya buɗe.

To me wannan goci yake yi wa faɗuwar rana? Daƙiƙa ɗaya da 'yan kai, shi ke nan. Kuma ga inda abin ya fi ba ni dariya: gocin yana matsar da hoton rana ne ta yamma. Abin da ya fi kusa da yamma shi yake riga faɗuwa. Wato jinkirin haske yana sa mu ga rana ta faɗi da wuri da kamar daƙiƙa ɗaya, akasin abin da ake yaɗawa.

Wani zai ce ai rana ita ma ba a tsaye take ba, tana zagaya cibiyar gungun taurarinmu da gudun fiye da kilomita 200 a daƙiƙa. Haka ne. Amma tare da mu take tafiyar. Mutum biyu a cikin jirgin ƙasa, ɗaya ya wurga wa ɗaya abu, ba ya la'akari da gudun jirgin.

Wanda yake jinkirta faɗuwar rana da gaske

Saka tsabar kuɗi a gindin kwano, ka ja da baya a hankali har bakin kwanon ya ɓoye ta. Tsaya nan, kada ka motsa kai. Ka sa wani ya zuba ruwa a kwanon sannu-sannu. Tsabar za ta bayyana, kamar ta taso, alhali tana nan a gindi inda ka ajiye ta. Hasken da ya taso daga jikinta ya tanƙwara ne a lokacin da ya fito daga ruwa zuwa iska, ya tsallako bakin kwanon ya same ka.

Iskar da ta lulluɓe duniya haka take yi wa rana. A can sama siririya ce, tana ƙara kauri in ana saukowa, hasken da ya shigo a karkace sai ya riƙa lanƙwasowa ƙasa. Ido kuma bai san hanya mai lanƙwasa ba, yana ɗauka abu yana can inda hasken ya fuskanto a ƙarshe, don haka yake ganin rana sama da inda take. Da tsakar rana, tana bisa kai, wannan bai kai a yi maganarsa ba. A iyakar gani kuwa, inda hasken yake ratsa iska mai yawa, ɗagawar tana kaiwa ɗan fiye da rabin digiri. Faɗin rana kuma rabin digiri ne. Ma'ana, a lokacin da ka ga gindin rana ya taɓa ƙasa, da babu iska, da gaba ɗayanta ta riga ta shige.

Kusa da layin da ya raba duniya biyu, wannan yana ƙara wa ganin rana minti biyu da 'yan daƙiƙu da yamma, ya ƙara irinsa da safe, domin muna ganinta kafin ta fito. In aka nufi arewa ko kudu sosai, inda rana take sauka a kishingiɗe, lokacin yana ƙaruwa. A Janairun 1597 wasu matuƙan jirgin ruwa 'yan Holan na tawagar Willem Barentsz, da ƙanƙara ta tsare a tsibirin Novaya Zemlya, sun ga rana kusan mako biyu kafin lokacin da lissafi ya ce za ta dawo bayan dogon daren hunturu. Da suka koma gida aka yi ta ƙaryata su. Daga baya aka gane iska mai tsananin sanyi da ta kwanta a kan ƙanƙara tana iya ɗauko haske daga can ƙasa da iyakar gani.

Ba sai ka je ƙanƙara ba, shaidar tana gabanka kowace yamma da sama ta washe. Dubi siffar rana gab da faɗuwa: ta ɗan baje, faɗinta ya fi tsayinta. Iska ta ɗaga gindinta fiye da yadda ta ɗaga samanta, shi ya sa ta matse. Jinkirin haske ba shi da yadda zai yi ya matse rana.

Ina zargin daga nan ruɗanin ya samo ƙafa. Mutum ya ji gaskiya biyu a wurare daban-daban, ɗaya cewa haske yana cin minti takwas, ɗaya cewa muna ganin rana bayan ta faɗi, sai ya ɗaura musu aure. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

To a ina jinkirin yake aiki da gaske?

Yana aiki duk inda mai aiko hasken yake tafiya da kansa, ko wani abu ya sauya a jikinsa. Jufita da Mars da gamzaki jiragen sama ne a misalinmu, kowace tana kan hanyarta, don haka masu lissafin falaki suna cire lokacin tafiyar haske kafin su ce ga inda take. Saƙon rediyo, wanda yake gudu ɗaya da haske, yana cin minti uku zuwa ashirin da biyu tsakanin duniya da Mars, gwargwadon nisa. A ranar 18 ga Fabrairun 2021, lokacin da motar binciken Perseverance take sauka a can, saƙo yana cin minti goma sha ɗaya da ɗoriya, saukar kuma wajen minti bakwai ce. Lokacin da injiniyoyi suka ji ta shiga iskar Mars, ta riga ta sauka. Ba su da abin yi sai sauraro. Wannan shi ne ainihin “ya riga ya faru tun ɗazu” da ake jingina wa faɗuwar rana.

Haka yake ga aman wuta da rana takan yi. Hasken fashewar da zafafan haskokin da suke dagula sadarwar rediyo tare suke tasowa, tare suke isowa, don haka babu gargaɗi: ganinsu shi ne isowarsu. Gajimaren burbushin da yake biyo baya ne yake ba da sarari, domin yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku, wani lokaci ƙasa da haka. Na Satumbar 1859 ya iso cikin kimanin awa 17, ya hargitsa wayoyin tangarahu. Na Maris ɗin 1989 ya jefa lardin Kebek na Kanada cikin duhu na wajen awa tara.

Taswirar da ke wayarka ma a kan jinkirin haske take rayuwa. Taurarin ɗan adam na GPS suna can sama da kilomita 20,000, wayar tana auna lokacin da saƙon kowanne ya ci a hanya ta gane nisansa. Kuskuren kashi ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa yana jefa ka mita 300 daga inda kake.

Saura tambayar da takan biyo baya: ƙarfin da rana take jan duniya da shi fa, ta ina yake ja, inda muke ganinta ko inda take? Shi ma sauyinsa da gudun haske yake yaɗuwa. An ga haka a ranar 17 ga Agustan 2017, lokacin da girgizar ƙarfin jan da karon wasu taurari biyu ya haifar da kuma hasken karon suka iso da tazarar ƙasa da daƙiƙa biyu bayan tafiyar shekara miliyan 130. Da rana za ta ɓace ɓat, da duniya ta ci gaba da zagaya wurin da babu kowa har minti takwas. Amma tunda tana nan ba ta ɓace ba, janta ya riga ya cika sarari kamar kogin ɗazu, kuma yana fuskantar inda take ne yanzu, ba tare da ɗan gocin nan na haske ba. Da yana gocewa kamar haske, da hanyar duniya ta daɗe da warwarewa.

Jadawalin da ke wayarka fa?

Babu minti takwas da za a ƙara masa ko a rage. Masu haɗa jadawalin suna aiki ne da wurin da ake ganin rana, sun riga sun saka ɗan gocin nan a ciki. Suna lissafa faɗuwa a lokacin da tsakiyar rana ta sauka digiri 0.833 ƙasa da iyakar gani, wato rabin faɗinta haɗe da ɗagawar da iska take yi, domin abin da ake nufi da faɗuwa shi ne ɓacewar samanta daga ido. Wannan ne ma ya sa a ranakun Maris da Satumba da ake cewa dare da yini sun daidaita, yini yake fin awa 12 da kamar minti bakwai ko fiye.

In ka ga jadawali da ido sun saɓa, nemi dalilin kusa. Ɗagawar iska ba ta tsaya a adadi ɗaya ba, tana sauyawa da zafi da sanyi da nauyin iska, tana iya gusar da lokacin da minti ɗaya ko fiye. Dutse ko dogon gini a yamma yana ɓoye rana kafin lokaci. Ƙura da hazo sukan cinye ta tun tana sama. Garin da aka saita wa wayar ma yana iya zama ba naka ba ne, kuma kowane digiri ɗaya zuwa yamma minti huɗu ne.

Sai tsayi. Duk yadda ka hau sama, iyakar ganinka tana ƙara nisa, tana ƙara sauka, rana ta ƙara jimawa. Mutumin da ke ƙololuwar benen Burj Khalifa a Dubai, mai tsayin mita 828, yana ganin rana wajen minti uku bayan ta ɓace wa na ƙasa. Kana iya gwada ƙaramin wannan da jikinka in ka sami bakin teku ko babban tafki mai kwantaccen ruwa. Kwanta, ka sa idonka kusa da fuskar ruwa, ka jira ƙarshen jan bakin rana ya nutse (kada ka ƙura mata ido tun tana da ƙarfi, sai ta dushe a gab da shigewa). Da ta ɓace, ka yi zumbur ka miƙe. Za ka ga ɗan siririn bakinta ya dawo, ya sake nutsewa bayan kamar daƙiƙa goma. Tsayin mutum ɗaya ya gusar da faɗuwar rana kusan ninki bakwai na abin da tafiyar kilomita miliyan 150 ta gusar.